Moɗar da Ta Zo Daga Abuja

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da har yau ba ta fita daga raina ba ita ce ranar da muka hau dutse da Hajiya Mariya. Tunda kun ce sai na ba ku labari kafin in tattara 'yan komatsaina in bar muku wurin, to wannan zan ba ku.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in faɗi yadda tsarinmu yake. Cibiyar nan tamu ta Birnin Kudu aikinta koya wa mata sana'ar hannu: saƙa, ɗinki, faifai, tabarma, sabulu da man shafawa. A sama akwai shugaba, wadda hedikwata ke turowa. Ƙarƙashinta sai mu malamai. Ni a lokacin ina mataki na takwas, ina riƙe da sashen saƙa da aikin kaba. Daga nan sai ƙananan ma'aikata, wato direba da masinja da mai gadi da mai shara. Mai sharar shi ne Baba Ilu, wanda kuma shi ke ba bishiyoyin harabar nan ruwa. Mataki na uku yake, ya riga kowa fara aiki a wurin, kuma saura masa wata bakwai ya yi ritaya.

Hajiya Mariya ba muguwa ba ce, kada ku fahimce ni a karkace. Tana riga kowa zuwa ofis, ba ta taɓa kayan ɗalibai, kuma idan ɗanki ba shi da lafiya da kanta za ta ce ki tafi gida. Ciwonta ɗaya ne, shi ne taron ƙara wa juna sani. Duk lokacin da ta je irin wannan taro, ita ke ƙaruwa, mu ke shan wahala. Akwai wanda ta je ta dawo ta ce faifai ya zama tsohon yayi. Matan da iyayen amare ke bin su har gida neman faifansu, sai ga su zaune mako biyu cur suna yanka robar lemo da almakashi, wai ana yin furen ado. Har yau ban ga gidan da aka rataya ko ɗaya ba.

Wannan karon, farkon damina ne ta yi mako guda a Abuja. Ranar Litinin ta tara mu, ta kafe wani kwali a bango mai taken Sabon Salon Rayuwa. Ta ce rukunai uku gare shi: aikin hannu na zamani, shuka a cikin ɗaki, da hawan dutse don lafiyar jiki. Muka gyaɗa kai, domin gyaɗa kai na cikin aikin da ake biyan mu a kansa.

Daga nan ta sa aka buɗe bayan mota. Tukwane ne na tangaran guda goma sha biyu, farare tas, kowanne an naɗe shi da jarida, kowanne da wani tsiro mai dogayen ganyaye masu kauri da zane-zane. Ta faɗi sunansa da Turanci, ta ce asalinsa daga ƙasar waje yake, yana tace iskar ɗaki, kuma duk wani babban ofis a Abuja akwai shi. Baba Ilu ne ke saukewa. Ya ajiye na uku, ya sunkuya ya murza ganyen da yatsa, ya ɗago da fara'arsa irin ta wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai wannan moɗa ce."

Hajiya ta cire tabarau ta dube shi, ta ce, "Baba, ba kowane dogon ganye ne moɗa ba. Ka yi aikin da aka sa ka."

Ni ma na gane ta. Kakata a Dingaya da zarenta take tufka igiya, na sha taya ta kankare ganyen ina yarinya. Amma ina mataki na takwas, ina hangen na tara, kuma Hajiya ce ke cike takardar da ake duba ƙwazon ma'aikaci a ƙarshen shekara. Saboda haka na ce kai, wannan tsiro da kyau yake.

Washegari aka fito da jadawalin ban ruwa, bugagge da na'ura, da hatimin ofis. Safe da yamma, kofi biyu kowace tukunya, kuma Baba Ilu ya sa hannu a rajista bayan kowane zubi. Da ajami yake sa hannu, a hankali, kamar mai rubutun sha. An jera tukwanen a ofishin Hajiya da zauren taro, aka saki labule don kada rana ta taɓa baƙin. Tukwanen kuma ba su da huda a gindi ko ɗaya, saboda kada su ɓata tayil.

Kwana uku da farawa Baba ya same ni a sashena ya ce abin nan ruɓewa zai yi, moɗa ba ta son ruwa, balle cikin damina. Na ba shi shawarar ma'aikata, na ce ya riƙa sa hannu yana rage ruwan. Ya gwada. To ashe Hajiya kullum sai ta tura yatsa cikin ƙasar, idan ta ji ba ta yi caɓal ba sai ta ɗauko ruwan gorarta mai sanyi ta ƙara da kanta, ta kuma kira shi ta yi masa faɗa. Sai ya koma bin jadawali sau da ƙafa.

Kafin mako uku ganyayen suka fara yin rawaya daga ƙasa, suna laushi, suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Ofishin da aka ce za a tace wa iska ya koma warin ruɓaɓɓiyar albasa, har masu zuwa sa hannu suna tsayawa daga bakin ƙofa. Tara suka mutu, uku suna hanya.

A aikinmu idan abu ya lalace, ba a tambayar me ya faru. Ana duba wa ya fi kowa ƙanƙanta a kusa da wurin. Ranar Talata aka miƙa wa Baba Ilu takardar neman ba'asi, wadda muke kira kwiri. Ga waɗanda ba su sani ba, takarda ce da shugaba ke rubuta wa ma'aikaci cewa ya yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ba za a hukunta shi ba. Ana saka kwafinta a fayil ɗinsa, kuma ta zauna ke nan. Ga matashi abu ne da za a manta. Ga mai shirin ritaya kuwa, takarda ɗaya irin wannan tana iya sa fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur ana cewa sai an kammala bincike, mutum yana gida yana jiran haƙƙinsa. Laifi biyu Hajiya ta rubuta masa, sakaci da dukiyar ofis da raina shugaba a gaban ma'aikata, ta kuma ce tana duba yiwuwar ba da shawarar a dakatar da shi.

Ya kawo mini takardar in karanta masa. Fiye da shekara talatin yana shara a wurin nan ba a taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Na karanta, na fassara masa. Na tambaye shi me zan rubuta a amsa.

Ya ce, "Malama Asabe, ki rubuta na bi umarni. Shi ne laifin da na sani."

Ban rubuta haka ba. Na rubuta irin abin da ake rubutawa, cewa yana ba da haƙuri, yana neman afuwa, ba zai sake ba. Ina rubutawa ina jin kunyar kaina, domin da ranar farko na buɗe baki na ce ni ma na san tsiron, da wataƙila abin bai kai nan ba. Hajiya ta karɓi amsar ta ce za ta yanke hukunci bayan an gama da baƙuwa.

Baƙuwar wata babbar jami'a ce daga hedikwata, za ta zo nan da kwana goma ta ga Sabon Salon Rayuwa da idonta. Rukuni na biyu ya riga ya ruɓe, saboda haka Hajiya ta ɗora duk burinta kan na uku. Za a kai baƙuwa kan dutse a ɗauki hoto da kayan matanmu a shimfiɗe. Ta zaɓi wani dutse da ke bayan wani ƙauye a yankin Maruta, inda muke da rukunin ɗalibai. Ƙa'ida ce kafin a kai babba wuri sai an je an duba, don haka ranar Alhamis da safe muka kama hanyar Gwaram, ni da ita da direba. Aka taho da Baba Ilu ya ɗauki kular ruwa da laima. Kwiri ba ya hana mutum ɗaukar kaya.

Shigar da Hajiya ta yi ranar ta isa a tsaya a kalla. Takalmin kambas sabo fal, hular rana a kan gyale, baƙin tabarau, sandar ƙarfe mai naɗewa, da agogon da ta ce yana ƙirga taku. A bakin ƙauye muka tarar da wadda za ta yi mana jagora, Inna Talatu, shugabar matan rukunin, mai saƙar faifai da tufkar igiya. Ta haura saba'in. Silifas ne a ƙafarta, ɗaya an ɗaure shi da waya, da wuƙa a hannu da igiya a kafaɗa, don ta ce tunda za a hau, za ta yanko abin da take bukata.

Inna ta ce an yi ruwa da asuba, gara mu zagaya ta baya mu bi hanyar awaki, ta fi nisa amma akwai ƙasa da saiwoyi. Hajiya ta nuna mata hoto a waya ta ce ta gaba za a bi, domin nan ne hoto zai fi fitowa. Inna ta dubi dutsen, ta dubi takalmin, ta ce, "To, 'yar nan. Hawan ba zai ba ki wahala ba, saukar nake ji miki."

Muka fara hawa, direba ya tsaya wajen mota. Da farko Hajiya tana gaba tana koya mana yadda ake numfashi, a ja ta hanci a fitar ta baki. Inna, wadda ta yi shekara saba'in tana numfashi ba tare da kwas ba, ta saurara cikin ladabi sannan ta wuce ta. Can sai darasin ya ragu, daga baya ya tsaya gaba ɗaya, ba ka jin komai sai haki da ƙarar sandar ƙarfe a kan dutse. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, gwiwoyina sun gaya mini shekaruna.

Da muka ci kusan kashi biyu cikin uku, sai muka fito wani ɗan fili tsakanin manyan duwatsu. Hajiya ta zube kan wani dutse tana neman ruwa. Ta sha, ta ɗago kai, sai kofin ya tsaya a hannunta. Gabanmu da bayanmu, cikin kowane tsagi, moɗa ce cunkus, wata har ƙugu, kore shar, ganyen a tsaye kyam, kashin awaki a warwatse a gindinta.

Baba Ilu ya ajiye kula, ya ɗaga kai yana duban sama kamar an ba shi aikin ƙirga gajimare. Ni kuma na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Inna Talatu, da ba ta san komai game da abin da ya faru a ofis ba, ta shiga yankan ganye tana tarawa.

Can Hajiya ta ce, "Inna, wa ya shuka wannan a nan?"

"Allah."

"Wa ke ba ta ruwa?"

"Shi ɗin dai."

A hankali Hajiya ta tambayi sunan tsiron. Inna ta juyo da mamaki ta ce, "Moɗa mana. A garinku ba ku da ita?"

Ba wanda ya yi dariya. Na sha ba da labarin nan ana cewa ai da ni ce da na fashe, amma wanda ya ga fuskar Hajiya a lokacin ba zai iya ba.

Muna nan hadari ya taso daga gabas, aka fara yayyafi. Inna ta ce mu sauka yanzu. Hanyar awaki daga can ƙololuwa take farawa ta ɗaya gefen, sauran hawan kuma ya fi wanda muka yi wuya, don haka dole ta inda muka hau za mu koma. Akwai wani wuri mai santsi, shimfiɗaɗɗen dutse mai gangara, tsawonsa ya kai ɗaki uku, a ƙarshensa kuma rami ne mai zurfi ta hannun hagu. Da muna hawa a bushe yake. Yanzu ya jiƙe yana sheƙi. Hajiya ta sa ƙafa, sabon takalmin ya zame, sandar ta kuɓuce ta gangara, muna jin ƙararta har ta faɗa ramin. Ita kuma ta zauna daɓas ta kama wani ɗan tudu da hannu biyu, ta kasa gaba ta kasa baya.

A nan wasa ya ƙare. Na ga leɓunanta suna motsi da salati. Na tuna tana da 'ya'ya ƙanana biyu da take kai wa makaranta kafin ta zo ofis. Ruwa yana ƙaruwa, ni kaina ban san yadda zan yi da raina ba balle in taimaki wani.

Inna Talatu ba ta ɗaga murya ba. Ta zubar da ganyen da ta yanka, ta rarrafa wurinta, ta cire mata takalman da safa ta cusa a zaninta, ta ce tafin ƙafa ya fi sanin dutse. Ta warware igiyarta ta ɗaura wa Hajiya a ƙugu, ta jefa wa Baba Ilu ɗaya bakin. Baba ya zauna, ya tokare ƙafafunsa da wani dutse, ya naɗe igiyar a hannu. Inna ta koma ƙasa da ita tana kama dugaduganta tana sa mata su inda za ta taka, tana cewa saura kaɗan, 'yar nan, kada ki dubi hagu. Haka aka riƙa sauke ta a zaune, taku ɗaya bayan ɗaya.

Wajen tsakiya Hajiya ta sake zamewa, wannan karon da dukan nauyinta. Igiyar ta miƙe tana ƙara, ta ja Baba har ya ɗan taso daga zaune, na ga ta ci cikin tafin hannunsa. Bai saki ba. Sai da ta kai inda ƙasa take sannan ya warware hannun, jini na bin yatsunsa. Bayan ita aka sauke ni, kuma ba zan ce na fi ta jarumta ba.

Mun iso mota a jiƙe sharkaf, shugabarmu ba takalmi, ba hula. Inna ta miƙa mata takalmanta ta yi mana sallama, ta ce gobe za ta koma ta kwaso ganyenta. A Gwaram muka tsaya wani kemis aka wanke wa Baba hannu aka naɗe. Sai da muka hango Birnin Kudu Hajiya ta ce, idonta a kan titi, "Asabe, gobe ki koma da mota. Ki roƙi Inna ta haƙo mana goma sha biyu. Tukwanen kuma a bar wa Baba ya zaɓo."

Baba ya je kasuwa ya zaɓo tukwanen ƙasa, ya huda gindinsu, ya haɗa yashi da ɗan taki, ya jera su a baranda inda haske ke samunsu. Jadawali da rajista ba a soke su ba, ba a dai sake ganin su ba. Hawan dutse kuwa aka rubuta wa hedikwata cewa an ɗage shi saboda yanayi.

Ranar da baƙuwa ta zo, dattijuwa ce mai sauƙin kai. Tana hawa baranda ta tsaya, ta dafa ƙirji ta ce moɗa, rabonta da ganin ta tun tana yarinya a ƙauyensu, da ita ake yi musu igiyar guga. Na saci kallon Hajiya. Ko gezau ba ta yi ba.

Hajiya ta ce, "Ai ranki ya daɗe manufar shirin ke nan. Mu daina raina tsirranmu na gida muna ɗauko na waje."

Sannan ta yafito Baba Ilu ta gabatar da shi a matsayin ƙwararrenmu kan tsirran gargajiya. Baƙuwa ta gaishe shi da girmamawa, ta ga bandeji ta tambayi abin da ya same shi. Baba ya ce, "Igiya ce, ranki ya daɗe."

Bayan wata guda takardar yabo ta zo daga hedikwata da sunan Hajiya. Rahoton da ya jawo yabon ya ce an gano tsiron ne bayan dogon binciken da shugabar cibiya ta jagoranta da kanta har kan dutse. Ni na buga rahoton, kuma idan aka bi shi kalma-kalma babu ƙarya a ciki.

Saura kwiri. A ƙa'ida, janye shi sai an rubuta wata takardar a faɗi dalili, dalilin kuwa ba mai rubutuwa ba ne. Na jira mako biyu ban ji komai ba, sai na nemi fayil ɗin Baba da sunan zan duba takardun ritayarsa. Kun san kowace takarda a fayil tana da lamba a kusurwa, a jere, don kada a zare wata ba a sani ba. Na buɗe, babu kwiri, babu amsar da na rubuta. Lambobin takardun da ke bayansu duk an goge an sake rubutawa da jan biro, kuma na san rubutun, na Hajiya ne. Abin da ta yi, da an kama ta, ita ce za ta amsa tambaya a hedikwata.

Na je na sami Baba a gindin darbejiya yana gyara tsintsiya na gaya masa. Na zaci zai yi murna ko ya ce Allah ya isa. Sai ya ce, "Allah ya rufa mata asiri. Kada ki gaya wa kowa sai ta bar aiki." Ya yi ritaya a kan lokaci, takardunsa ba su kwana a teburin kowa ba. Ita ma ta bar aiki shekarun baya, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan babba ba ya cewa na yi kuskure da baki, kuma wanda ya zauna jiran haka zai yi ritaya bai ji ba. Wani shugaban haƙurinsa a cikin fayil yake bayarwa, wani ko a nan ba ya bayarwa, sai ku san wanda kuke tare da shi. Ku kuma da kuke ƙanana yanzu, wata rana wasunku za su zauna a kujerar nan, a aiko ku taro ku dawo da kwali. Kafin ku sa hannu a takardar tuhumar wani, ku ɗaga kai ku dube shi da kyau, domin ba ku san ranar da ɗaya bakin igiyar zai kasance a hannunsa ba.